Tsohon babur mai ƙafa uku yana kuka amma ba ya ja: kuloci ne ko giya?

Sani_Epe:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san injin. A gonar da nake kula da ita ta wajen Epe a jihar Legas muna da wani tsohon babur mai ƙafa uku, Honda ATC200ES, wanda ake ce wa Big Red, ƙirar 1984. Irin mai manyan tayoyin nan ne masu faɗi, ɗaya a gaba biyu a baya. Da shi muke jan 'yar tirelar abincin kaji daga bakin titi zuwa cikin gona, domin in ruwa ya sauka babu motar da ke iya shiga. Da safe in injin na da sanyi lafiya lau yake tafiya. Amma da ya ɗau zafi, ga kaya a baya, aka kai lamba uku, sai ka danna totur injin ya yi ta kuka, gudu kuwa ba ya ƙaruwa. Sannan in ka sa lamba ɗaya daga firi yana zabura kamar zai tafi da kansa. Wani lokacin kuma ana jin ƙas-ƙas daga baya. Makaniken da ya duba ya ce a sauke injin gaba ɗaya a canza giya. Maigidana ya ce in bincika kafin ya fitar da kuɗi. Don Allah me kuke gani?

Dan_Keke_Agege:
Wa alaikumus salam. Wayar kuloci ce ta ɗame, Oga. Ka sassauta ta kaɗan a wajen hannu ka gani. Tawa ta taɓa yin haka, ko naira ban kashe ba.

Usta_Garba_Mile12:
Wa alaikumus salam Malam Sani. @Dan_Keke_Agege, wannan ba irin Keke Marwa ɗinku ba ne, ba shi da hannun kuloci balle waya. Hannun da ke hagu na birki ne. Tsarinsa ya fi kusa da na roba-roba: ka taka giya da ƙafa kawai ka tafi.

Malam Sani, kafin kowa ya taɓa injin nan ka riƙe abu guda: kuloci biyu ne a cikinsa, duk a bayan murfin dama, duk a cikin baƙin mai suke wanka. Na farko yana kan kiranshaf, shi ne mai takalma da sifirin. In injin na sulo, wato yana kunne ba a ba shi wuta ba, sifirin ya riƙe takalman ba sa taɓa kwanon da ke kewaye da su. Ka ƙara wuta, juyawa ta watsa su waje, su kama kwanon, babur ya tashi. Na biyu shi ne mai farantai, irin na kowane babur, sai dai ba hannu ke buɗe shi ba. Lokacin da ka taka ƙarfen giya, kafin giyar ta shiga, takun nan shi ke saki farantan. Ka ɗaga ƙafa su koma su kama.

To kowanne da yadda yake nuna ciwonsa. In mai takalma ne ya cinye, tun a tashi za ka gane: sai ka ba shi wuta sosai kafin ya motsa, yana rawa yana jan jiki. In mai farantai ne, tashi lafiya, sai an hau babbar giya da nauyi ya soma sulɓewa. Abin da ka faɗa na lamba uku da zafi ya fi kama da na biyun. Ban ga abin da ya kai a sauke injin ba tukuna.

Dan_Keke_Agege:
Allah ya ƙara basira Usta. Ni da na ji ƙafa uku sai hankalina ya tafi kan namu.

Auwalu_Ladipo:
Wane baƙin mai ke cikinsa? Ka fara amsa wannan.

Sani_Epe:
@Auwalu_Ladipo akwai jarkar da ake zuba wa motar gona da janareta, daga nan ake zuba masa. Na mota ne dai.

Auwalu_Ladipo:
To ga wanda nake zargi. Baƙin man motocin zamani da yawa ana sa masa sinadarin rage gogayya don mota ta rage shan fetur. A mota babu damuwa, kulocinta a bushe yake a waje. Amma injin da kulocinsa ke jiƙe cikin mai, wannan santsin shi ke hana farantai kamawa, kuma ya fi nunawa in mai ya yi zafi ya tsinke. Daidai da abin da ka faɗa. Ka nemi na babur mai bugu huɗu, ka duba bayan galan ka ga an rubuta JASO MA ko MA2, wato ma'aunin man da ya dace da kulocin da ke jiƙe cikin mai. In babu wannan rubutun ka ajiye shi.

Malam_Idi_Obalende:
Ni fa ban yarda da wannan magana ɗari bisa ɗari ba. A 1984 ina aka san wani JASO? Sai wajen ƙarshen shekarun 1990 aka fito da shi. Da man mota aka riƙa tuƙa baburan nan tun suna sababbi, kuma ba su mutu ba.

Auwalu_Ladipo:
Malam Idi, gaskiya ne, a 1998 aka fito da ma'aunin. Amma ka tambayi dalilin fitowarsa. Man mota ne ya canza, masu ƙera babura suka ga kulocinsu ya fara sulɓewa, shi ya sa suka ware nasu. Man motar 1984 daban, na yau daban.

Malam_Idi_Obalende:
Na ji. Amma mai kauri irin 20W-50 da ake sayarwa a bakin titi ba kasafai yake da wannan matsalar ba, siraran nan ne na sababbin motoci suka fi. Sai mun san wanne ne a jarkar kafin mu ɗora masa laifi. Ni abin da na fi tsoro a Legas ma shi ne jabun mai da ake ɗurawa a tsohuwar galan.

Usta_Garba_Mile12:
Ku duka biyun kuna da hujja, kuma canza mai ba zai cutar da komai ba. Amma akwai abin da ya fi wannan sauƙi, ko sisi ba ya ci. Malam Sani, ka duba jikin murfin dama za ka ga wani ɗan sukuru mai tsaga da noti ya ɗaure shi. Shi ne saitin kuloci. Injin a kashe, ka sassauta notin, ka juya sukurun hagu a hankali har ka ji ya soma tauri. Kada ka matsa. Daga nan ka dawo da shi dama kamar rubu'in zagaye. Ka riƙe shi da sukudireba kada ya motsa, ka ɗaure notin. Shi ke nan.

Dalili kuwa: in babu wannan ɗan sararin, abin da ke tura farantai yana nan dafe da su ko ba ka taka giya ba, kullum a rabin buɗe suke, dole su sulɓe. In sararin ya yi yawa kuma, ka taka giya kuloci bai gama saki ba, sai giya ta shiga da duka, babur ya zabura. Yara da yawa da ke gyaran Bajaj ba su san aikin sukurun nan ba, wasu in sun gan shi sai su ɗaure shi tamau don suna zaton ya kwance ne.

Hajiya_Mai_Kifi_Ikorodu:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ba makanikiya ba ce, amma muna da mai ƙafa huɗu a gonar kifinmu, shi ma ba shi da hannun kuloci. Namu ya yi irin wannan kukan, aka yi ta canje-canje, ashe yaron da ke tuƙawa ne yake ɗora takalmin robarsa a kan ƙarfen giya yana tafiya. Nauyin ƙafar kaɗai ya isa ya buɗe kulocin kaɗan. Malam Sani, ka tsaya daga gefe ka kalli ƙafar mai tuƙin in ya wuce.

Usta_Garba_Mile12:
Hajiya ta kawo magana mai kyau. A haɗa da duba ƙarfen giyar kansa: ko ya lanƙwashe yana gogar wani abu, ko in ka taka ka saki ba ya dawowa tsakiya da kansa. In sifirin da ke dawo da shi ya mutu, sakamakon ɗaya ne da ɗora ƙafa.

Dan_Maradi_Lekki:
Salamu alaikum. Kowa na can kan kuloci, ba wanda ya kula da ƙas-ƙas ɗin baya, ni kuwa shi ya fi tsaya mini a rai. Na daɗe ina aiki a bakin teku, daga hayar dawakai na koma wajen masu hayar baburan rairayi, na ga yadda ruwa ke kashe su. Wannan ƙirar ta 1984 ba sarƙa gare ta ba, farfela ce, wato sandar ƙarfe mai juyawa, ke kai ƙarfi baya, ta shiga wani ƙaramin akwatin giya, shi kuma ya juya aksul. Tsakanin babbar giyar cikin akwatin da aksul ɗin akwai 'yan haƙora sirara da suka shiga juna. In sil ya lalace ruwa ya shiga, tsatsa ta cinye haƙoran nan. Farko sai ka riƙa jin ƙas-ƙas in an sa nauyi, haƙori na tsallake haƙori. Ranar da suka ƙare, injin zai yi kuka, farfela na juyawa, taya na tsaye. Wanda bai sani ba sai ya rantse kuloci ne.

Babur da ke shiga taɓon Epe duk damina, ni da can zan fara. Ka ɗaga bayan a kan katako, injin a kashe, ka sa giya, ka kama taya ka juya gaba da baya. Ɗan wasa kaɗan ba komai. In ta yi tafiya mai nisa kafin ta tsaya, ko ka matsa ta tsallake da ƙara, to ka samo. Ka kuma kwance notin juye man akwatin bayan. In abin da ya fito ya yi fari-fari ko jan ruwan tsatsa, ruwa ya shiga.

Auwalu_Ladipo:
@Dan_Maradi_Lekki amma haƙoran da suka cinye ba ruwansu da sanyi ko zafin injin. Ya ce da safe lafiya yake tafiya.

Dan_Maradi_Lekki:
Ban ce ba kuloci ba ne, ɗan'uwa. Cewa na yi ciwo zai iya zama biyu. Babur mai shekara 40 da wani abu ba a yi masa rantsuwa a kan ciwo ɗaya.

Bashir_Apapa:
Akwai dabarar alli. Ka ja layi daga taya zuwa rim, wani kuma daga notin aksul zuwa ƙarfen da rim ke ɗaure a kai. A ja kaya a dawo. Duk inda layi ya rabu, nan ne ke sulɓewa. Tayoyin nan iskarsu kaɗan ce ƙwarai, ba ta kai 3 a ma'aunin masu faci, don haka tsohuwar taya takan iya zamewa a kan rim in an sa nauyi. Kuma don Allah ka ja kunnen mai faci, kada ya ɗura mata iska irin ta mota.

Baba_Alhaji_Idi_Araba:
Yarana, ina karanta ku tun ɗazu. Ni maganar da zan yi ba ta gyara ba ce. Kun san me ya sa ba a ƙera irin wannan babur yanzu? Honda ta fara fitar da su a 1970, suka yi kasuwa sosai a Amurka, manoma da yara kowa na hawa. Haɗurra suka yi yawa, yana kifewa da mutane, har a 1988 gwamnatin can ta yi yarjejeniya da kamfanonin aka daina sayar da sababbi masu ƙafa uku, aka koma masu ƙafa huɗu. Tayoyin bayansa a kan ƙarfe ɗaya suke, tare suke juyawa, shi ya sa a kwana yake son ya miƙe ko ya ɗaga ƙafa. Yanzu ku haɗa wannan da babur da ke zabura in an sa giya, ga tirela a baya. Malam Sani, wa ke tuƙa shi? In yaro ne ƙarami, a ajiye makullin har a gama gyara.

Sani_Epe:
Allah ya ƙara girma Baba. Babba ne ke tuƙawa, magidanci ne, kuma cikin gona kaɗai, ba ya hawa titi. Amma na karɓi maganar, na ce a ajiye shi.

Dan_Keke_Agege:
Gara ma da bai hawa titi. Mu masu takardu ma tun dokar Legas ta 2020 da ta taƙaita zirga-zirgar keke da acaɓa akwai unguwannin da ba ma shiga, balle wannan da ko lamba ba shi da ita.

Musa_Injiniya:
Mu koma kan zaburar, don har yanzu ba a warware ta ba. Saitin da Usta ya faɗa zai iya jawo ta, amma ku lura: sukurun da ya matse yana kawo sulɓewa, wanda ya saki yana kawo zabura. Sukuru ɗaya ba zai matse kuma ya saki a lokaci guda ba. Tunda Malam Sani na da duka biyun, akwai wani abu na daban. Na farko da zan duba shi ne sulo. In an ɗaga sulo don kada injin ya riƙa mutuwa, wanda haka ake yi wa tsohon kafireta maimakon a wanke shi, to takalman nan sun riga sun fara taɓa kwano tun babur na tsaye. Ka sa giya ya zabura. Gwajin: a fili, ka sa lamba ɗaya, ka saki birki, kada ka taɓa totur. In yana rarrafe da kansa, ko sulo ya yi sama ko sifirin takalman ya saki ko ɗaya ya karye. Ka rage sulo tukuna. In ya daina, magana ta ƙare. In injin na dab da mutuwa amma har yanzu yana ja, sai an buɗe murfi.

Wata tambaya kuma: a wane zango ake jan tirelar? Wannan ƙirar tana da ƙaramin hannu na daban mai babban zango, ƙaramin zango da ribas.

Sani_Epe:
Yallaɓai, a babba yake kullum. Mai tuƙin ya ce ƙaramin ba ya sauri.

Musa_Injiniya:
To ai don kaya aka yi ƙaramin. In ka ja buhuna cikin taɓo a babban zango, injin ba ya samun juyawar da za ta sa takalman su kama sosai, sai su yi ta gogar kwano suna zafi, man ya ƙone, farantan ma su sha wahala. Ko an sa sabon kuloci aka ci gaba da haka, zai sake cinyewa. Kuma hannun nan sai babur ya tsaya cak ake taɓa shi. In ana tura shi ana tafiya, ko bai gama shiga ba, shi ma yana ba da ƙara yana fita da kansa. Ka sa wannan cikin masu iya kawo ƙas-ƙas ɗin.

Malam_Idi_Obalende:
Ni har yanzu ina ganin kada a yi saurin watsar da maganar makaniken. Shi ya ga babur ɗin da idonsa, mu labari muke ji.

Usta_Garba_Mile12:
Malam Idi, ba raina shi muka yi ba. Amma giya in ta lalace tana da alamarta. Ba ta sulɓewa a hankali, ko ta kama ko ta fita. Za ka ji ta faɗo firi da kanta ana cikin tafiya, yawanci lamba guda ce ke yi, ko wata lamba ta ƙi shiga sam, ko ka ga ɓarɓashin ƙarfe a man da aka juye. Kuka ya hau a hankali gudu bai hau ba, wannan aikin kuloci ne. Kuma duka kulocin biyu ana kai musu ta murfin dama, injin na kan babur. Giya kuwa sai an raba injin biyu, ga neman gaskit, ga neman kayan da babu su a kasuwa. In aka raba aka rasa abin sawa, babur ya zama na kwance a gindin bishiya. Shi ya sa nake cewa a bar wannan a ƙarshe.

Malam Sani, in za ka juye mai ka tace shi a farin ƙyalle. Ka shinshina. Ƙaurin ƙuna da baƙin gari mai laushi, na kuloci ne. Ƙyalƙyalin ƙarfe mai kama maganaɗisu, wannan ya shafi giya ko boris. Ka wanke 'yar ragar tace man ma.

Bashir_Apapa:
In ta kai ga saye fa, a ina za a samu? Na taɓa neman kayan irin wannan na sha yawo.

Auwalu_Ladipo:
A nan wajenmu kasuwar Ladipo kayan mota suka fi yawa, sai dai wani lokacin kwantena kan zo da injinan irin waɗannan na hannu a cikin tarkace. Kada ka je kana faɗin sunan babur, ba wanda zai gane. Ka ɗauki tsohon farantin a hannu ka je wajen masu kayan babura, a ɗora shi kan na babur Honda CG da makamantansu, a ƙirga kunnuwa, a gwada faɗi da kauri. Injin ɗin dangin na baburan Honda XL185 da XR200 ne, don haka farantai ba su cika gagara ba. Takalman ne masu wuya. Su sai dai a yi oda daga waje, ko a sa wani a kasuwar kayan babura ta Nnewi ya bincika.

Dan_Maradi_Lekki:
Akwai masu manna sabon layini a kan tsofaffin takalma. Na ga an yi ya yi aiki, na kuma ga wanda ya ɓalle cikin injin ya toshe hanyar mai. Layinin birki ba a yi shi don zama cikin mai mai zafi ba. Ni ba zan ba da shawararsa ba.

Musa_Injiniya:
In an buɗe, a lura da wani boris mai juyawa gefe ɗaya da ke cikin kwanon mai takalma. Shi ke sa injin ya riƙe babur a gangara in ka saki totur. A yi masa alama kafin a cire, don in aka mayar da shi a juye aiki ya ɓaci. Farantan ƙarfe kuma a ɗora su kan gilashi, wanda ya karkace ko ya yi shuɗi don zafi a canza shi. Sababbin a jiƙa su cikin mai kafin a ɗaura. A canza sifirin ɗinsu tare, tsohon sifirin kan sa sabon faranti sulɓewa.

Sani_Epe:
Jama'a Allah ya saka da alheri, ga abin da aka samu. Sukurun nan a ɗaure yake tamau, babu sarari ko kaɗan, na saita shi yadda Usta ya ce. Man da muka juye baƙi ƙirin ne, yana ƙauri, amma maganaɗisu bai kama komai ba sai ɗan gari. Mun zuba na babur mai MA2. Sulo ma a sama yake, da na rage zaburar ta ragu sosai, sai dai yanzu injin kan mutu in ya daɗe a tsaye. Mun gwada da buhuna a ƙaramin zango, ya ja lafiya. A babban zango lamba huɗu, in ya yi zafi, har yanzu yana ɗan sulɓewa amma ba kamar da ba. Layin alli bai rabu ba. Sai dai man akwatin baya ya fito ruwa-ruwa ja, kuma ƙas-ƙas ɗin na nan.

Auwalu_Ladipo:
Ka ƙara tuƙa shi kaɗan ka sake juye man, tsohon bai gama fita daga farantan ba. Mai yiwuwa ya daina.

Usta_Garba_Mile12:
Ni ina ganin farantan sun riga sun ƙone, tunda sun daɗe a rabin buɗe. Canza mai ba ya dawo da abin da ya cinye. Amma ba gaggawa, tunda yana aiki a ƙaramin zango. Mutuwar injin kuwa kafireta ce, a wanke ƙaramin jet ɗin sulo.

Dan_Maradi_Lekki:
Gaggawar tana baya. Allin ba zai nuna haƙoran ciki ba, na waje kaɗai yake nunawa. Jan ruwan nan tsatsa ce. Ka daina ɗora masa kaya har a zare aksul a ga haƙoran da boris. In boris ne kaɗai da sil, da sauƙi, ana samunsu da lamba a kasuwa, ka zuba man giya mai lamba 80 ko 90. In haƙoran ne, to sai mu fara neman aksul tun yanzu.

Malam_Idi_Obalende:
Ko kuma ƙarar daga gwiwar farfela take. A duba ta kafin a zare aksul.

Sani_Epe:
To. Ranar Asabar za mu kwance bayan in sha Allah, zan ɗauki hoton haƙoran da na gwiwar in turo. Usta, in na kawo maka farantan Mile 12 za ka iya auna min su?

Usta_Garba_Mile12:
Kawo su bayan azahar, ka haɗo da sifirin ɗin da kwandon da suke zama a ciki, ina so in ga ko kunnuwan sun sassaƙa masa rami.